Fentin Tumaki a Goshin Baƙi

Ka taɓa ganin mai gadin da ya fi ɓarawo ɓarna? To matso ka ji labarin Colby Vandermeer, sarkin cika baki na wani gidan ƙungiyar samari a jami'armu.

Hukumar makaranta ta yi wa gidan gargaɗin ƙarshe: in aka sake kama wanda bai kai shekara ashirin da ɗaya ba da giya a hannu, za a garƙame gidan, kowa ya nemi wurin kwana. Colby ya buga ƙirji.

"Ku bar mini ƙofa! Ko ƙuda sai ya nuna mini katin shekarunsa."

Da ma duk ranar casu a gidan, alama ake zana wa masu ƙarancin shekaru a bayan hannu, su kuwa su shiga banɗaki su wanke. Gogan naka ya ce wannan aikin ragwaye ne. Ranar casun Asabar da rana, sai ga shi da gwangwanin fentin da babansa ke yi wa tumaki alama a gona. A goshi zai shafa.

"Kai, Colby, mutane ne fa," in ji Wendell, shugaban gidan.

"Ɗan'uwa, tunkiya ba ta taɓa kawo ƙara ba."

Ya shafa wa mutum uku. Ta huɗu, Marisol daga gidan 'yan mata, ta ce, "Taɓa goshina ka gani, shugaban makiyaya!" Ta juya, layi duka ya bi ta. Ƙofa ta yi tsit. Colby ya gyara tsayuwa.

"Ka ga tsaro ko? Tsoro ya kore su."

Can sai ga wata 'yar siririyar mata da hular rana.

"Kati!"

"Na bar shi a mota. Ni ce..."

"Kowa 'ni ce' ne, 'yar ƙanwata." Caɓ! Ya danna mata shuɗi tsakanin gira.

Wendell ya dafe kai. "Dakta Pruitt ce, daƙiƙi! Ita hukumar makaranta ta turo ta duba mu!"

Matar ta wuce su. Ta bi ƙarar kiɗa zuwa bayan gida. Ashe duk layin nan katanga suka haura: ga su nan maƙil, babu wanda aka duba, kowa da giya a hannu, Marisol na rawa a kan tebur.

"An rufe gidan nan," in ji ta. Ta juyo. "Kai kuma mai gadi, katinka."

Colby ya miƙa. Shekararsa ashirin. Ta karɓe buroshin fentin ta miƙa wa Wendell, shi kuwa bai yi rowa ba, ya shafe Colby har kunnuwa.

Yanzu Colby yana yawo da katifa a kai, fuska shuɗiya. Don Allah in kana da kujerar kwana, taimaka masa. Amma ka shimfiɗa leda, fentin yana zuba.