Ranar da Aka Rage wa Mota Aji

Yayana yana da wata ɗabi'a. Kowace safiya sai ya shiga gareji ya tayar da tsohuwar motarsa, ya zauna a ciki yana sauraron inji, sannan ya kashe ya fito. Ba ya zuwa ko'ina. Tun da idonsa ya yi rauni likita ya hana shi tuƙi, 'ya'yansa kuma suka yanke shawarar a sayar da ita. Ni dai na lura kwanon abincinsa yana komawa da saura.

Sun samo wani dillali. Ya ce in motar babban aji ce, mai kayan alatun da kamfani ya haɗo ta da su, zai zo da la'asar ya ɗauka. In ƙaramin aji ce, kada a ɓata masa lokaci. Sai aka turo jikar Yaya, mai karatun jinya, ta duba ta gaya masa ta waya. Ina zaune a kan benci a bakin garejin ta shigo.

"Sannu da hutawa, angona. Ashe kana nan da ranka? An ce in zo in duba tsohuwa ɗaya, sai ga tsofaffi biyu."

"Uku," in ji Yaya, yana nuna ni da haɓa. "Ƙirga ma ba ki iya ba, wai ke za ki duba mota. Ranar da na kawo wannan, ubanki ko wando bai iya ɗaurewa ba."

"Shi ya sa take tari irin na mai ita."

"Da tsohuwar zuma ake magani, amarya."

"Tsohuwar zuma ba ta ɗigar da baƙin mai a ƙasa."

"Shiga ki zauna, mara kunya. Shinshina kujerar nan. Fata ce zalla, ba leda ba."

"Ni warin man zafinka kawai nake ji."

"Ƙwanƙwasa gaban nan. Katako ne na gaske. 'Yan ƙaramin aji roba ake shafa musu fenti."

"Katako? To mu gode wa gara da ta raga maka."

"Dubi jerin maɓallan nan. A ƙaramin aji rabinsu makafi ne, toshe ramin kawai ake yi. Nan ko makaho ɗaya babu."

"Sai direban."

Yaya ya ɗaga sanda, ta kauce tana dariya. Ta danna wani maɓalli a jikin ƙofa, kujerar ta zame da ita baya a hankali, ko ƙara babu. Ta danna wani, rufin sama ya buɗe. Ya ja ta gaba ya nuna mata 'yan ƙananan waifa a kan fitilu.

"Kin taɓa ganin motar da ke share hawayenta da kanta?"

"Dole ta koya. Shekara da shekaru tana ɗaukar ka."

Ya buɗe bonet ya sa ta ƙirga fulogi, ta samu shida. Ta koma ciki ta zauna. Na ga ta daɗe tana shafa sitiyarin, daidai inda tafin hannunsa ya cinye fatar. Ba ta yi zolaya a nan ba. Can sai ta kira dillalin, ta buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji.

"Hajiya, kin duba?" in ji shi. "Kujerun fata ne?"

"Wata dabba dai ta mutu, Malam, amma ba zan rantse saniya ba ce."

"Rufin yana buɗewa?"

"Da damina ba ya ma jira a buɗe shi."

"Ƙarya take yi!" Yaya ya yi tsalle irin wanda ban ga ya yi ba tun muna samari, ya fizge wayar. "Malam, kada ka saurari wannan 'yar! Babban aji ce! Fulogi shida! Fata, katako, kujera mai tafiya da kanta, duk daga kamfani! Ko ɗigon ruwa bai taɓa shiga motar nan ba!"

"Madalla, Baba! In haka ne ba sai la'asar ba, yanzu zan taso. In taho da direban da zai ja ta?"

Yarinyar ta fito daga motar ta taka masa ƙafa, ba da wasa ba.

"Baki shi ke yanka wuya, angona," ta ce ƙasa-ƙasa.

Ni kuma tari ya kama ni. Yaya ya dubi motar, ya dubi jikarsa, ya sake duban motar. Sannu a hankali ya mayar da wayar bakinsa.

"Wato, Malam... fulogin nan shida, biyu sun yi ritaya."

"Fatar fa?"

"Fata... tawa nake nufi. Duk ta yamutse."

"Baba, ka fito mini a mutum. Babban aji ce ko ƙarami?"

Na san yayana tun ina rarrafe. Na ga ya sha magani mai ɗaci, na ga an cire masa haƙori, ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba.

"Ƙaramin aji ce," ya ce, kamar mai haɗiyar ƙaya.

"To Allah ya kawo kasuwa," in ji dillalin, ya kashe.

Yarinyar ta tafa hannu. "Ashe! Shekara nawa kana cika mana baki, ashe akwalar ƙaramin aji ce! Kaka ƙarami, kai ne shaida, da bakinsa ya faɗa."

"Ni kunnena ya yi nauyi," na ce.

Yaya ya jingina da ƙofar motar yana dariya har da share ido. "Kin ci ni, 'yar nema. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yau rimin ya yi tsawo." Ya zaro makulli daga aljihu ya cilla mata. "Ungo. Kin iya tuƙi kuwa?"

"Har da lasisi."

"Wanda ya ba ki shi ne ya kamata likita ya duba wa ido. Ubanki fa?"

"Bar ni da shi. Zan ce masa mota ta samu direba, direba kuma ta samu tsoho a kyauta. Amma fa in ya kawo wani dillalin, tambarin da ke bayan motar, a jikin but, zai tona mana asiri. Ajin a rubuce yake ɓaro-ɓaro."

Yaya ya ɗauko sukudireba ya zagaya baya. Ya sa bakinta a ƙarƙashin harafin farko, ya tsaya. Ya gyara tsayuwa, ya sake sawa, ya sake tsayawa. Sai ga hon daga gaba.

"Angona, za ka shigo ne ko in nemi saurayi?"

Ya miƙo mini sukudirebar. "Riƙe mini, gobe zan ƙarasa."

Har yau sukudirebar tana nan a ƙarƙashin bencina.