Awon Likkafanin Altine

"Lafiya lau, mijin banza. Ya mutanen Gwarzo? Sai yau ka tuna kana da mata a Kabo?"

Tsohuwa Altine ke nan, kakar Musbahu, sabon malamin firamare. Tana sayar da gyaɗar bana ta sa aka sayo mata farin yadi na likkafani. Na mijinta ya gaza, har aka yi masa ƙari da tsumma, abin kuwa shekara tara yana ci mata rai. Shi ya sa ta kira jikan ya auna ta tun da ranta.

"Da wannan ɗan katakon za ka auna ni?"

"Rula ce, tsohuwa. Ta fi kamun hannunki da kullum yake ƙanƙancewa."

"Hannun nan ne ya yanka maka zanen goyo, mara kunya."

Ta miƙe a tabarma. Ya riƙa ɗaga rular yana ajiyewa, daga dunduniya har ka.

"Ƙafa biyar da inci ɗaya."

"Sake."

Ya sake. "Ƙafa biyar cif."

"Iye! Daga kwanciya har na ragu? Ɓarawo, ina incina?"

"Duk ɗagawa sai ta ɗan goce, bakinta kuma ya cinye. Ga shi kin ƙi daina motsi."

"Zan daina, ba sai ka roƙe ni ba."

Musbahu bai yi dariya ba. A na uku awon ya faɗa tsakani.

"Ƙafa biyar da rabin inci, ko sama ko ƙasa da rabin inci. Iyakar sanin rula ke nan."

"Ko sama ko ƙasa," in ji ta a hankali. "Haka suka ce ranar jana'izar kakanka."

Tausayinta ya kama shi. Ya auna ƙafa biyar da inci ɗaya a jikin yadin, sannan ya kama hannunta ya ɗora, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, har sau biyu.

"Na ƙara kamu biyu da hannunki, ko za ki yi tsawo kafin lokacin."

Ta yi dariya har da hawaye, ta tura masa ƙwaryar ƙuli-ƙuli.

"Na yarda, ka isa miji. Amma ranar ka zo da kanka, kada ka aiko mini rula."

Ya kau da kai, ya ci gaba da naɗe yadin.