Ranar da Fotasiyam Ya Tafi Kasuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na buɗe ƙofar aji da hannuna na ce wa ɗalibai su fita, suka kuwa yi mini biyayyar da ba su taɓa yi mini irinta ba.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai, an tura ni koyon koyarwa a wata sakandaren jeka-ka-dawo, a wani ƙauye cikin ƙasar Maradun. Bayoloji nake koyar da 'yan ajin ƙarshe, maza zalla. Ƙa'idar abin ita ce wani malami ya zo daga kwaleji ya zauna a bayan aji, ya ga kamun ludayinka, ya ba ka maki. Wanda ya faɗi sai ya maimaita baɗi, abokansa su gama su bar shi. Waɗanda aka bari cikin garin Mafara akan leƙa su a kai a kai, amma mu na ƙauye sau ɗaya ake zuwa saboda lalacewar hanya. Wadda aka haɗa ni da ita Dakta Asabe ce, mace marar yawan magana, wadda ake cewa ba wanda ya taɓa ganin haƙorinta. Ta aiko cewa za ta zo ranar Alhamis, don ranar ce motoci ke shiga ƙauyen. (Ban tsaya na tambayi kaina dalilin shigar motocin ba. Ranar kasuwa ce.)

Darasin da ya faɗo mini shi ne yadda ƙwayar jijiya ke riƙe da caji ko tana hutawa, kamar batirin da ba a saka a tocila ba. Abin ba wuya in an bi shi a hankali. Kowace ƙwayar halitta tana da tantanin da ya kewaye ta. A ciki sinadarin fotasiyam ya yi yawa, a waje sinadarin sodiyam ya yi yawa, dukansu masu cajin tarawa. Tantanin yana da 'yan ƙofofin da fotasiyam ke sulalewa ta cikinsu, daga inda ake cunkoso zuwa inda ake sarari, shi kuwa sodiyam da ƙyar yake samun shiga. Akwai kuma manyan furotin masu cajin ɗebewa, waɗanda girmansu ya hana su fita. Kowane fotasiyam ya fita, cikin yana ƙara zama na ɗebewa, sai ya soma jawo masu fitar. Inda turin cunkoso da jan caji suka kusa yin kunnen doki, nan ƙwayar ke hutawa, wajen milibolt saba'in ƙasa da sifiri a ma'aunin caji. Sannan ga famfo a jikin tantanin, yana fitar da sodiyam uku, yana shigo da fotasiyam biyu, don kada tsarin ya rushe.

Na san wannan kamar yunwar cikina. Da na tsaya ga allo da alli, da yanzu babu labari. Amma an koya mana cewa malami nagari yana sa ɗalibai cikin darasi, ni kuma a lokacin ina jin kaina. Sai na yanke shawarar ajin shi ne ƙwayar, bango tantani, ƙofa kuwa ƙofa. Na yayyanka kwalin taliya, na rubuta alamar kowane sinadari, na huda na sa zare don a rataya a wuya.

Malam Lawali, mai darasin na asali, ya same ni ina yankan kwali a ofishin malamai. Na bayyana masa dabarar da zumuɗi. Ya saurara har ƙarshe.

"Dabara ta yi kyau, Malam," in ji shi. "Wace rana kac ce?"

"Alhamis."

Ya dubi taga, wajen gonar da ta raba makaranta da kasuwa, don makarantar ba ta da katanga. "Mu nan ranar kasuwa ko hitsari ba mu bari yaro shi tai. Amma ku ad da sabon ilimi. Allah shi ba da sa'a."

Na ɗauka hassada ce. (Ni ɗan mahauta ne daga Talata Mafara. Duk ranar Talata, ranar kasuwarmu, ina ƙarami, ta taga nake barin aji in tafi riƙe wa Baba ƙafar saniya. Idan akwai wanda ya kamata ya gane maganar Malam Lawali a duk jihar, ni ne.)

Alhamis ta zo, Dakta ta iso da ƙura har gira, ta zauna a bencin baya ta buɗe jakarta. Na raba kwalaye. 'Yan sodiyam na jera su a baranda, na ce kada wanda ya shigo. Zaratan bayan aji, masu gemun da ya fi nawa, na ba su furotin na ce su zauna daram. Monita, wani Bashiru, na naɗa shi famfo. Sauran duka fotasiyam.

"To, fotasiyam, kun yi cunkoso a ciki," na ce, ina buɗe ƙofa. "Ku riƙa fita ɗaya bayan ɗaya. In kun ji cajin ciki na jan ku, sai ku tsaya, wasu su dawo."

Suka soma fita cikin natsuwa. Na juya ga allo ina zana layin caji yana gangarowa ƙasa, ina bayani da muryar da na kwana biyu ina gwadawa. Har na ji daɗin shirun da ajin ya yi. Da na kai saba'in na juyo na ce, "Yanzu sai mu ga sun fara dawowa."

Ba wanda ya dawo. Na leƙa baranda, babu fotasiyam, babu sodiyam. Can cikin gona na hango fararen riguna a jere, kwalaye na lilo a wuya, sun miƙi hanyar kara inda ake cinikin dabbobi.

"Bashiru, kai ne famfo," na ce. "Je ka shigo da su."

Ya fita da gudu, da alamar himma. Shi ma ban sake ganinsa ba sai Litinin.

Saura ni da Dakta da furotin guda biyar, waɗanda ke kallon taga da baƙin ciki. Zufa ta jiƙa mini riga, alli ya narke a hannuna. Kunya ta kama ni har na ji ina ma ƙasa ta tsage.

Dakta ba ta ɗaga murya ba. "Malam, a ƙwayar gaskiya, me ke hana fotasiyam ƙarewa duka a waje?"

"Cajin da ke ciki ne ke jawo shi, Dakta."

"Madalla. To kai me ka ajiye a ciki da zai jawo su?"

Na dubi allo, na dubi zaratan nan biyar. Ɗayansu ya ɗaga hannu da ladabi ya ce, "Malam, mu ma muna iya zama hwatasiyam?"

A nan na ga haƙorin Dakta. Ta ce in ƙarasa darasin da waɗanda suka rage, na ƙarasa, ban san abin da na faɗa ba.

Na zaci an gama. Ashe motar da za ta mai da mu Mafara a bakin kasuwa take lodi, dole muka ratsa tare. Ga sodiyam yana jan akuya, ga fotasiyam yana auna gero. A layin mahauta kuwa ga Baba, wanda ke bin kasuwannin ƙauye tun daga Bakura har nan, wani yaro na riƙe masa cinyar saniya, da kwalina a wuya, rubutun hannuna ɓaro-ɓaro.

Baba ya gaisa da Dakta doguwar gaisuwa, gida da aiki da gajiyar hanya, sannan ya juyo gare ni.

"An ce kai kas sallamo su da wuri. Allah shi yi ma albarka, yau mun samu hannuwa." Ya dubi Dakta da alfahari. "Hajiya, shi ma hakanan yake yana ƙarami, aji bai riƙe shi ranar kasuwa."

Da sakamako ya fito na tsallake, amma da makin da in an cire ɗaya sai baɗi. Na ji daga baya cewa Dakta tana ba da labarina ga sababbin ɗalibai duk shekara, ba ta faɗin suna, sai dai takan ce ɗan mahauta ne daga Mafara.

Yanzu na daɗe ina koyarwa, kuma kowace shekara sai na zo kan wannan darasi. Na koyi cewa kafin ka buɗe wa mutane ƙofa, ka tabbata abin da ke ciki ya fi kasuwa ƙarfin ja. Nawa darasin har yau bai kai ba, don haka fotasiyam a allo nake zana shi da alli, ƙofa kuma a rufe. Na allo ba shi da uba a layin mahauta.