Ranar da Na Kwashe Tarihin Jarida daga Ƙasa

Akwai wata Talata a Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da kuwa na so in manta. Har yanzu in ta faɗo mini a rai a cikin jirgin metro, sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

Lokacin ina karatun Larabci a Alƙahira, ina zaune a unguwar Hadayek el-Ma'adi. Maƙwabcina Bitrus, mutumin Zonkwa, shi ya zo mini da maganar. Cocin da yake zuwa suna da wata tsohuwar jarida mai fita mako-mako, wadda ta girmi kakannin masu karanta ta na yanzu, kuma ana son a rubuta tarihinta. Suna neman mai karanta tsohon rubutun Larabci, ya kuma iya ɗaukar hoton shafuka.

"Malam, na riga na ce musu kai mutum ne mai natsuwa," in ji shi. "Don Allah kada ka ba ni kunya."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. (Ku riƙe wannan alkawarin, za mu dawo kansa.)

Mai aikin shi ne Ustaz Munir, dattijon da ya tsufa yana gyaran rubutun jaridar. Idonsa ya fara yana, sai da madubin ƙara girman rubutu yake karatu, kuma likita ya ce abin gaba yake yi. Burinsa ɗaya ne: ya gama littafin kafin idon ya rufe. Ran farko ya ba ni shayi, ya miƙa mini mabuɗi, ya ce gobe in riga shi zuwa in fara da kundayen da ke kan kanta, shi zai biyo da 'yan kwamitin coci.

Washegari na buɗe ɗakin ajiya. Takardu ne shimfiɗe a ƙasa, layi-layi, daga bakin ƙofa har taga. Tsofaffi, sun yi ja, gefensu duk ya zagwanye. Na sunkuya na duba ɗaya, ga sunan Allah ɓaro-ɓaro. Na duba ta kusa da ita, ga sunan Annabi Musa.

To ni a gidanmu, ko takardar ƙosai ce, in dai da rubutun Larabci a jiki, ba a tsallake ta. Kakata takan tsince ta, ta kaɗe, ta soke a jikin katanga. Shekara uku ina Masar, inda har rasit ɗin wanki da Larabci yake, amma hannuna bai daina ba. Ban tsaya tambayar kaina wa ya shimfiɗa su ba. Na dai ce a raina, bayin Allah, tsufa ya hana su gyara. Na naɗe hannun riga na kwashe su kaf. Don in nuna ni ɗan gari ne, har na jera su bisa girma, manya a ƙasa, ƙanana a sama, na ɗora kan kabad. Na share ɗakin, na zauna ina jiran yabo.

Da hantsi suka iso: Ustaz Munir, da wani fasto, da mata biyu, da Bitrus a baya yana murmushi. Tun daga matakala nake jin Ustaz yana cewa yau za su ga shekarun farko na jaridar a jere, aikin wata uku. Ya turo ƙofa ya tsaya cak.

Ni kuwa na miƙe, na gyara murya, na yi bayani da Larabcin makaranta mai wasali cikakke. Na ce na tarar da sunan Ubangiji a ƙasa, na ga bai dace ba, na ɗauke. Har da ƙarin cewa ba sai sun gode mini ba.

Ba wanda ya gode ɗin. Ɗaya daga cikin matan ta dafe ƙirji. Bitrus ya zuba wa silin ido kamar ruwa ke zuba daga can.

Ashe danshi ne ya cinye saman shafukan, inda kwanan wata yake. Ustaz ya yi wata uku a durƙushe da madubinsa, yana haɗa ƙarshen wannan shafi da farkon wancan, har ya gano wanne ke bin wanne. Ba teburin da zai ɗauke su, shi ya sa ya yi a ƙasa. Ni kuma na rushe shi kafin shayi ya huce.

"Malam," Bitrus ya ce da Hausa, a hankali, "da ka kira ni mana."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ustaz ya jawo kujera ya zauna, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Wannan ya fi mini zagi ciwo.

"Ma'alish, ya ibni," ya ce daga baya, wato ba komai, ɗana. "Mahaifiyata ma haka take yi, ta tsinci burodi ko takarda ta sumbata. Amma idona ba zai sake wata uku ba. Naka za mu ara."

Haka muka yi. Fasto ya sa aka kawo teburan ajin Lahadi aka jera, wai don kada malam ya sake yin aikin lada. Kullum bayan darasi sai in zo in karanta layin ƙarshe na shafi da ƙarfi, Ustaz ya lumshe ido ya ce, "Wannan wa'azin fasto ne na Sa'id, can kudancin Masar, nemi shafin da ya fara da maganar girbi." A haka na san jaridar ciki da bai: yadda ta fara da shafi huɗu ana kai ta ƙauyuka a jirgin ƙasa, da filin koyar da karatu ga manya, da sanarwar aure da rasuwa, da wasiƙun masu ƙorafin an rage musu waƙoƙi.

Wata rana ya shafa tarin ƙananan shafukan nan, sai ya yi dariya. Ya ce ai a shekarun yaƙi takarda ta yi wuya, jaridar ta ƙanƙance, ga shi na tara masa su wuri guda. Na fara ɗaga kafaɗa.

"Kada ka yi murna," ya ce. "Yalla, maza karanta."

Mun gama cikin mako bakwai. Littafin ya fito, Ustaz ya karanta shafin farko da idonsa, da kyar, hancinsa na taɓa takarda. Sauran ni na karanta masa. Bitrus ya yafe mini, sai dai har yau in zai gabatar da ni, yakan ce, "Ga malaminmu mai natsuwa."

Ban daina girmama rubutu ba, kakata ba za ta yarda ba. Amma yanzu in na ga takarda a ƙasa, sai in harɗe hannuwana a baya, in nemi wanda ya ajiye ta tukuna.