Mutum-mutumin da Na Kafa a Gonar Baba

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na yi wa Baba alkawarin hutu ba. Wallahi ko yanzu na ji kukan tsuntsu da sassafe sai ta faɗo mini a rai.

Ina da ɗan shagon gyaran waya a Birnin Kudu, amma gidanmu yana Sara ta Gwaram, inda Baba yake noma shinkafa a fadama. Duk shekara idan shinkafa ta fara nono, tsuntsayen jan-baki sukan sauko mata kamar an aiko su. Baba kuwa gwiwarsa ta daɗe da lalacewa. Dabararsa ita ce igiyoyi da ya shimfiɗa a kan gonar, ya rataya musu gwangwanaye, yana zaune a kan ɗan dandamali yana ja suna ƙara. Ni kuma, da yake na yi difloma kuma 'yan unguwa suna ce mini Injiniya (ni ma na yarda, kun ji inda ciwon ya fara), sai na ga wannan ai ci baya ne.

Na sayo servo guda biyu. Servo wani ɗan inji ne da bai wuce kwalin ashana ba, ka ba shi umarni ya ɗaga hannu ko ya sauke. Na haɗa su da ɗan allon lantarkin da ke ba su umarni, na ɗaura musu karan dawa a matsayin hannaye, na jona komai da fawabank ɗin da nake cajin waya. A shago abin ya yi ta ɗaga hannu yana saukewa gwanin sha'awa. Har bidiyo na ɗauka na tura wa duk wanda ke da lambata.

Na kira Baba na ce, "Baba, bana ka huta. Kwance igiyoyin nan, zamani ya zo."

Ya ce, "Ka tabbata, ɗan nan?"

Na ce, "Haba Baba, ni ne fa."

Bawan Allah ya kwance su tsaf, ya kyautar wa maƙwabcin gonarsa, gwangwanaye da komai.

Ranar da na kai abin gona da yamma, Baba ya zagaya shi, ya girgiza kai. Ya ce mutum-mutumi ba ya tsayawa tsirara a gonarsa, ko tsuntsu ma ba zai ji tsoron kara ba. Ya aika gida aka ɗauko tsohuwar babbar rigarsa, irin mai kauri da aikin wuya, aka zura masa, aka kifa masa malafa. Ni har daɗi na ji, na ga ya yi kwarjini. Ban sake gwada shi da rigar ba. Kafin gari ya waye aka tafka ruwa.

Da safe Baba ya taho da abokansa na majalisa, har da Kawu Sale ƙanin Inna, wanda bakinsa ba ya raga wa kowa. Dattawa suka jeru a kan kunya, kowa ya tattare riga. Tsuntsaye sun riga sun fara shawagi. Na gyara murya na ce a matsa baya kaɗan (kamar jirgi zan tayar), na danna.

Hannayen suka yunƙura, suka ɗaga kamar taƙi guda, suka yi rawar sanyi, suka faɗi. Suka sake yunƙurawa, suka sake faɗuwa. Servo sai gurnani yake. Daga nesa idan ka kalle shi, wallahi sak mutum mai yafito baƙi.

Kawu Sale ya ce, "Injiniya, wannan korar su yake ko kiran su?"

Aka kwashe da dariya. Baba bai yi ba.

Na durƙusa cikin taɓo na buɗe akwatin da na sa allon a ciki. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne rigar ta sha ruwa ta yi nauyi. Da servo biyu suka yi ƙoƙarin ɗaga ta a tare, sai su zuƙe wutar gaba ɗaya, ɗan allon ya mutu, ya farfaɗo, ya sake ba da umarni daga farko. Yunwa ce ke damun su, ni kuwa ina neman laifi a wani wuri. Na zare waya na mayar. Na hura cikin akwatin. Na canja musu gurbi. Na ɗora laifin a kan laima, na ɗora a kan mai kayan da ya sayar mini. Can fawabank ɗin ma ya gaji ya kashe kansa.

A nan ya kamata in ce a yi haƙuri sai gobe. Amma ido ya yi yawa, gumi na bin bayana, sai kunya ta ba ni shawara. Na ce, "Kawu, ara mini batirin babur ɗinka."

Na san ƙarfinsa ya ninka abin da servo ke ɗauka. Na sani sarai, na karanta, na ci jarrabawa a kai. Duk da haka na jona.

Hannun dama ya wuntsila sama da ƙarfi, ya bangaje malafar ta faɗa ruwa. Har wani dattijo ya ce, "Yauwa!" Sai ƙauri ya tashi. Hayaƙi ya fara fitowa ta hamatar babbar rigar Baba, a hankali, kamar an sa mata turare. Innalillahi. Hannun ya ƙage a sama, bai ƙara motsi ba.

Wani ɗan jan-baki ya sauko ya zauna a kan hannun, ya karkaɗe fiffike. 'Yan uwansa suka biyo shi. A gabanmu suka dira cikin shinkafar.

Baba ya dafa sandarsa ya shiga gonar yana ɗingishi, yana ɗaga murya yana tafa hannu. Na tsaya da wayar wuta a hannu ina kallon tsoho yana yin aikin da na ce na ɗauke masa.

Na roƙe shi ya karɓo igiyoyinsa. Ya ce kyauta ba ta dawowa gida, ba zai fara da girmansa ba. Kafin a haɗa wasu, kafin sababbin servo su iso mini daga Kano, tsuntsaye sun yi abin da suka zo yi. Inna ta ce kullum sai ta gasa wa Baba gwiwa da ruwan zafi.

Na gano matsalar daga baya, da mitar gwajin wuta, ina zaune ni kaɗai a shago. Gyaran bai taka kara ya karya ba: servo su samu batirinsu daban daidai ƙarfinsu, a sa waya mai kauri, a haɗa baƙar wayarsu da ta allon. Na jiƙa bargo na rataya wa mutum-mutumin, ya ɗaga shi cak. Lokacin an gama girbi.

Bayan an yi shiƙa sai ga ɗan ƙullin shinkafa an kawo mini shago a motar kasuwa. Direban ya ce Baba ya ce a faɗa mini bana ba ta yi auki ba, amma ga rabona. Ba faɗa, ba gori, ba komai. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Na dai koyi cewa inji ba ya aiki da yunwa, kuma ba a gwada shi tsirara a shago a ce an gama. Abin da har yau ban koya ba shi ne yadda zan dafa shinkafar nan in iya haɗiye ta.