Ta'aziyyar Doguwa, Fitilar da Ruwa Ya Ci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta ɗan fi baƙin cikin yawa, ni Malam Labbo, malamin kimiyya na aji shida, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan aiki a nan Birnin Kebbi rasuwar fitilar ɗakin zamanmu, farar fitilar lantarki mai dogon ƙwai, wadda iyalina suka fi sani da Doguwa. Ta cika ranar Alhamis bayan la'asar, cikin watan Agustan nan na 1986, tana da shekara bakwai manne da silin.

Daga Sakkwato na ɗauko ta. Na rungume ta a mota tun daga tasha har gida, ko gyangyaɗi ban yi ba.

Marigayiya ba ta da gaggawa. In an kunna ta, sai ta yi ƙyaf, ƙyaf, ƙyaf, sau uku, kamar mai sallama a ƙofar zaure, sannan ta haska. Daga nan sai ta kama ɗan gunaguninta, zuuu, wanda ban taɓa ɗaukarsa ƙorafi ba. Ba ta hayaƙi, ba ta taɓa neman kananzir ba. A ƙarƙashinta na duba littattafan ɗalibai ba adadi, ta ga sifilin 'ya'yan manyan gari da idonta, amma maganar ba ta taɓa fita ɗakin ba.

Ta rasu ta bar abokiyar zamanta, fanka ta sama, wadda ita ma ba ta motsa ba tun ranar. Ta bar yayarta fitilar ƙwai, da muka yi wa ritaya, yanzu kuma muka dawo da ita aiki ba tare da ban haƙuri ba. Ta bar tsaka biyu da suka yi ƙiba da ƙwarin da take tara musu.

Game da jinyarta, wajibi ne in faɗi gaskiya, domin har yau akwai wata baiwar Allah da ke ɗauke da laifin da ba nata ba.

Daminar bara waccan, kwanon rufinmu ya fara yoyo ta ramin ƙusa ɗaya, daidai saman Doguwa. Mai hankali kafinta zai kira. Ni kuwa, da yake malamin kimiyya ne, sai na hau cikin silin na tara wa yoyon langa. Langar kuwa daga jeren uwargida Maimuna na zare ta, ranar da ta tafi biki Argungu. Na rubuta a jadawalina, ƙarƙashin darasin Juma'a: "Zubar da ruwan langa." Na kiyaye Juma'a uku. Sai rani ya shigo, aka sake jadawali.

Da Maimuna ta ga gurbi a jerenta, sai ta tuna maƙwabciyarmu Balaraba ta taɓa aron langar ranar suna. Balaraba ta ce ta mayar. Maimuna ta ce to. Daga wannan "to" ɗin kwanon tuwo ya daina ƙetare katangarmu, gaisuwa ta koma ta ɗaga hannu. Ina ji, ina gani. Na ce a raina zan yi bayani in lokacin da ya dace ya zo. Shekara biyu ina jiransa.

Bana langa ta cika ta tumbatsa. Silin ya yi tabo, tabon ya yi faɗin faifai. Doguwa ta koma ƙyaftawa sau bakwai, sau tara, gunaguninta ya zama kakari, tsatsa ta fito mata a kunnuwa biyu. Ni da nake rubuta wa yara a allo kowace shekara cewa ruwa da wutar lantarki ba sa ga maciji, na ɗaga kai na dube ta na ce tsufa ne.

Ranar Alhamis aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ɗaki ya yi duhu tun kafin magariba. Maimuna ta shigo daga tsakar gida, ƙafa ba takalmi, hannu a jiƙe, ta taɓa makunni. Doguwa ta ce tas. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe. Wutar ta fizgi Maimuna ta yar da ita gefen kujera. Na ruga gindin mita na kashe wutar gidan gaba ɗaya, kuma a duk labarin nan wannan kaɗai ne abin da na yi daidai da littafi. Allah ya tsare. Kwana biyu hannunta bai iya riƙe muciya ba. A nan babu abin dariya, ban kuma yi ba.

Duk da haka ban fid da rai da marigayiya ba. Na sauko da ita, na kwantar da ita a tabarma gefen shinkafar da Maimuna ta turara ta shanya. A tunanina, ranar da ta busar da shinkafa ba za ta gaza wa fitila ba. Kwana uku ina juya ta safe da yamma. Niyyata in mayar da ita in kunna.

A haka Jide mai gyaran wuta ya same mu. Bayarabe ne, amma shekararsa ashirin a garin nan, Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina. Ya dubi shinkafa, ya dubi fitila, ya dube ni.

"Malam, wagga da wace miya za a ci ta?"

Na ce shanya ce kawai.

"Shinkafa in ta bushe a ci. Wagga in ta bushe a rufe ta. Ruwa ya bi waya har cikin makunni. Ka maida ta, wani za ta ɗauka, kuma ba lalle ta sake shi ba."

Ya hau silin da tocila. Jim kaɗan ya sauko, riƙe da langa a hannu biyu, ruwa na tangal-tangal a ciki, 'ya'yan sauro na iyo. Maimuna na tsaye a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon furen da ke jikin langar.

"Malam, langata ta."

Na ce haka ne.

"Mi yak kai ta bisa?"

Na ce kimiyya.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ta dubi katangar gidan Balaraba, ta ce, "Shekara biyu." Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Ga yadda aka tsara jana'iza.

Ranar Asabar da hantsi kafinta zai fara rufe ramin ƙusar, domin Jide ya rantse ba zai taɓa waya ba sai sama ta daina zuba. Bayan silin ya bushe za a sauya waya da makunni. Har zuwa lokacin, wutar ɗakin za ta zauna a kashe. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada kowa ya gwada makunni don ya tabbatar.

Za a naɗe marigayiya da tsofaffin jaridu, a sa ta rami mai zurfi a bayan gida, inda yara ba za su fasa ta su yi wasa da farar hodar cikinta ba.

Ba za a yi zaman makoki a gidanmu ba. Bayan azahar za a wanke langar, a cika ta da tuwon shinkafa da miyar kifi, a kai gidan Balaraba. Na kawo shawarar a aika. Maimuna ta ce wanda ya iya hawa silin da ita ba zai kasa ƙetare lungu da ita ba. Saboda haka mai son yi mini ta'aziyya zai same ni tsaye a zauren maigidan Balaraba, da langa a hannu, ina bayani. Lokacin da ya dace ya zo.

Mai sanarwa,
Malam Labbo, a madadin iyali, da izinin uwargida.