Sanarwar Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Zaure

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai gina shafukan intanet da abokan wasansa suka sani da laƙabin Ƙwaro yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, Gwaggo. Ta rasu ranar Litinin ta makon jiya, da ƙarfe uku da minti goma na rana, a ƙarƙashin teburin ɗakin baya inda ta zauna tun zuwanta gidan. Shekarunta goma sha ɗaya. Ta tafi da hirar mutum biyar ta shekara tara, da kiɗa ɗari biyu da shida, da lambar waya guda ɗaya wadda har yanzu ake nema.

Marigayiyar ta fara rayuwa a matsayin kwamfutar buga gem, wato wasannin kwamfuta. Ƙwaro da hannunsa ya haɗa ta kafin ya yi aure, zamanin da yake iya zama wuri ɗaya awa shida ba wanda ya ƙwala masa kira. Shekara biyu ta yi tana ɗaukar duk abin da aka ɗora mata. Da sababbin gem suka fi ƙarfinta ba ta yi gardama ba. Ta sauka ƙasan tebur, aka ba ta aikin da ya dace da manya, wato riƙon gida. A kanta Ƙwaro ya gina ɗan shafin hira da suka sa wa suna Zaure, inda shi da mutum huɗu da ya haɗu da su a fagen gem suke taruwa kowace Lahadi da yamma, su buga wasa, su yi musu, su watse.

Mutanen su ne Allura, ma'aikaciyar jinya; Birki, direban bas; Alli, malamin lissafi; sai Latti, wanda ba wanda ya san sana'arsa, kuma bai taɓa shigowa kafin a gama zagayen farko ba. Birki ne ya raɗa wa marigayiyar suna. Ya ce tana da nauyin tashi, tana da ƙananan mita, amma ba ta taɓa korar kowa daga gidanta ba.

Zaure yana da doka ɗaya tak: ba a tambayar suna, ba a tambayar gari, ba a tambayar lamba. Birki ne ya kawo ta tun shekarar farko, ya ce nan ne kaɗai wurin da ba wanda ya san shi balle ya aike shi. Aka yi dariya, aka amince. Sana'o'in ma a bakin masu su suka suɓuce, ba tambaya aka yi ba. Shekara tara ba wanda ya taka dokar, kuma duk wanda yake son ganin ɗan'uwansa, ta ƙofar Gwaggo yake bi, domin babu wata.

Waɗanda suka zauna da ita sun shaide ta da haƙuri da riƙon amana. In aka kunna ta, takan ce "tiit" sau ɗaya, ta yi ɗan "kar-kar-kar" kamar mai gyaran murya, sannan fankarta ta kama "wuuu" ɗin da ba ya yankewa. Ta saurari musun da aka yi wata huɗu ana yi kan ko maɓallin shiga ya kamata ya zama kore ko shuɗi, ba ta ɗauki ɓangare ba. Ta adana ranar da Alli ya harbe mutanen ɓangarensa su uku a cikin wasa, ya ce gwajin kusurwa yake yi. Matar Ƙwaro takan shanya safar yara a bakin fankarta in damina ta hana su bushewa, kuma ba a taɓa jin ta ce uffan ba.

Kiɗan da ke cikinta duk na Latti ne. Shi yake haɗa su, gajeru, babu waƙa, ya ɗora a Zaure ba tare da ya ce komai ba. Shi ya roƙi Ƙwaro ya gina shafin yadda za a saurara amma ba za a iya saukewa ba.

"Wannan naka na yau, irin wanda ake sa wa mutum ne in ya kira ofis an ce ya jira," in ji Birki wata rana.

"Ai ka saurare shi sau goma sha ɗaya," Latti ya rubuta. "Shafin yana ƙirgawa, Malam Direba."

"Hannuna ne ya zame."

"Sau goma sha ɗaya? Allah ya tsare fasinja."

Rashin lafiyarta ya faro wata biyu da suka wuce. Matar Ƙwaro ce ta fara ji, tana share ɗakin.

"Maigida, Gwaggonka fa tana tari."

"Fanka ce," ya ce, bai ɗago daga aikin da yake yi ba. "Zan hure ta ranar Asabar."

Ba fanka ba ce, faifan ajiyarta ne. Asabar takwas suka wuce.

A nan iyalan marigayiyar suna ganin ya dace a faɗi gaskiya, domin ba daga wajenta aka samu sakaci ba. Ƙwaro mutum ne da ke gaya wa duk wanda ya gina wa shafi cewa abin da ba shi da kwafi biyu, babu shi. Ya koya wa Gwaggo ta kwafe duk abin da ke cikinta kowace rana da ƙarfe sha biyu, ta zuba a wani faifai na waje da ke kan tebur. Shekara uku da suka wuce ya ari wannan faifan don ya kai wa wani mai shagon ɗinki hotunan kayansa. Don kada ta yi ta ƙorafi, sai ya ce mata ta riƙa zuba kwafin a cikin nata faifan, na kwana biyu, kafin ya dawo da na wajen. Faifan yana shagon ɗinki har yau. Gwaggo ta bi umarni. Fiye da sau dubu ta kwafe kanta ta zuba a cikinta, kuma kowace rana ta aiko masa da saƙo cewa an kammala lafiya. Yakan ga saƙon, hankalinsa ya kwanta.

Ranar Lahadin da ta zama ta ƙarshe, Latti ya shigo kafin kowa.

"Wa ya sace wa Latti kalmar sirri?" Allura ta tambaya.

"Ni ne, Anti. Yau ba ni da abin yi sai jira."

Aka buga zagaye huɗu, aka ci su a uku daga ciki. Da za a tashi ya rubuta cewa ranar Talata da safe za a yi masa aiki a asibiti, kuma in ya farka, Zaure zai fara leƙowa.

"Aikin me?" Allura ta ce. "A ina? Wa zai kwana da kai?"

"Doka, Anti."

"Dokar banza. Faɗa min."

"Ƙaramin abu ne. In na makara kada ku damu, kun san hali."

Bayan an watse ya aiko wa Ƙwaro saƙo shi kaɗai. Ya ce ya san ya taka doka, a yafe masa. Ga lambar yayarsa. In mako ya cika bai shigo ba, a kira ta, a ce mutanen Zaure ne, ya gaya mata za ta gane. Ƙwaro ya karanta yana tsaye, riƙe da kofin shayi. Akwai biro a kan teburin, akwai takarda, wayarsa tana aljihu. Ya amsa da "To, Allah ya sa a yi a sa'a," ya bar lambar inda take, a wajen Gwaggo, wadda ba ta taɓa ɓatar da komai ba.

Washegari yana gyara wa wata makaranta shafin ɗaukar ɗalibai a ƙaramar kwamfutarsa ta aiki, sai ya ji daga ƙasan tebur: "ƙas, ƙas, ƙas." Sau bakwai ko takwas. Daga nan ɗakin ya yi wani irin shiru da bai san shi da shi ba. Ya ji ƙarar famfon maƙwabta. Ya duba agogo, ya ci gaba da aikin makarantar har ya gama layin da yake kai, sannan ya durƙusa.

Ya kunna ta sau goma sha huɗu tsakanin Litinin da Laraba. Ranar Alhamis ya naɗe ta a tawul ya kai wa mai gyara, wanda duk layin ke kira Injiniya. Injiniya ya zare faifan, ya kara a kunne, ya juya shi a hankali kamar mai gwada ƙwai.

"Sau nawa ka kunna ta bayan ta fara wannan kukan?"

"Kamar sau uku."

"Yallaɓai."

"Goma sha huɗu."

Injiniya ya ajiye faifan a kan tsumma. Ya ce ɗan ƙarfen da ke karanta faifan ne ya faɗo a kansa, kuma kowace kunnawa kankare abin da ake nema take yi. Sai an samo wani faifai irinsa sak, a ciro ƙarfensa a dasa. Buɗewa ɗaya ake yi, ba a yin biyu.

"Ba duka nake so ba," in ji Ƙwaro. "Layi ɗaya ne. Lamba ce."

"Faifai bai san layin da kake so ba. Amma kai da kake mana wa'azin kwafi, ina naka?"

"Yana ciki."

"Cikin me?"

Ƙwaro ya nuna tsumman. Injiniya ya dube shi, ya dubi faifan, ya ce a kawo wa baƙo kujera.

Akwai abu na biyu da ya kamata a rubuta. Daga Litinin zuwa Juma'a, duk wanda ya je adireshin Zaure bai tarar da komai ba sai farin shafi. Liƙa sanarwa a wurin, a ce ana gyara a dawo gobe, aikin minti goma ne ga mai wannan sana'a, kuma Ƙwaro ya yi wa wasu shi ba adadi. Bai tuna ba. Yana durƙushe yana danna maɓalli. Sai ranar Juma'a matarsa ta ajiye masa tata kwamfutar a kan tebur, ta ce, "Ka buɗe musu ƙofa ko da ba kujeru." A ranar ya tayar da sabon Zaure a tsohon adireshi, babu hira, babu kiɗa.

Birki ya shigo cikin awa ɗaya. Alli ya shigo da yamma, Allura ranar Asabar bayan ta tashi daga aiki. Ƙwaro ya gaya musu komai bi da bi, yadda aka rubuta a sama. Ba wanda ya zage shi. Allura ta tambayi abin da yake iya tunawa daga lambar. Ya ce ta ƙare da huɗu da bakwai, ko bakwai da huɗu. Alli ya fara lissafa yawan lambobin da za su iya ƙarewa haka, ya kai rabi, ya goge. Birki ya rubuta cewa shi ya kawo dokar, sannan ya rubuta sunansa na gaskiya da lambarsa. Bayan minti biyu Allura ta rubuta nata.

Ranar Lahadi an taru kamar kullum. An buga zagaye ɗaya da mutum huɗu, aka bar gurbi ɗaya a buɗe. Ba a san ko Latti ya zo cikin kwana huɗun nan ya tarar da farin shafi ya ɗauka an tashi ba. Allura ta ce akwai aikin da mutum ke yin mako biyu bai iya riƙe waya ba, kuma akwai wanda ba haka ba.

Marigayiyar ta bar allo ɗaya mai tabo a kusurwar hagu, wanda yanzu ba ya nuna komai sai fuskar mai kallonsa. Ta bar kibod da haruffa huɗu na tafiya a cikin gem suka goge a kansa, da linzamin kwamfuta mai danna kansa sau biyu, da batirin riƙe wuta wanda ya yi mata hidima shekara shida kuma bai san an yi rasuwa ba, har yanzu fitilarsa koriya ce. Ta bar ƙanwa ɗaya, faifan nan na waje, a shagon ɗinki. Ta bar murabba'i mai tsabta a kan siminti, inda mai gidan yake miƙa ƙafa ya ji ba ɗumi.

Ana karɓar gaisuwa a sabon Zaure, a tsohon adireshi, kowane lokaci. Iyalan suna roƙon masu zuwa ta'aziyya da su taƙaita nasiha kan muhimmancin kwafi, an riga an ji. Wanda ya san wani mai haɗa gajerun kiɗa marasa waƙa, mai yaya mace, wanda aka yi wa aiki ranar Talata ta makon jiya, ya taimaka ya ce masa ƙofa a buɗe take.

Za a fitar da gawar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga ɗakin baya zuwa shagon Injiniya, inda za a raba abin da ke da sauran amfani ga mabuƙata. Fankar za ta zauna a gida, bisa buƙatar matar mai gidan. Akwatin ƙarfen za a miƙa wa masu sayen tsofaffin ƙarafa.

Ba za a haɗa da faifan ba. Injiniya ya samo irinsa a wajen wani abokin sana'arsa, kuma ya sa ranar Litinin da hantsi don buɗewa. Ya ce kada kowa ya zo ya tsaya masa a kai.

Zuwa lokacin rubuta wannan sanarwa, kwana tara da yin aikin, Latti bai shigo ba.